Yadda ake bibiyar yanayi da halittun bayan gida, daga damina zuwa damina

Jama'a duk wanda yake zaune a karkara kuma yana da ɗan fili a bayan gida, ko da wanda bai wuce na ɗaure akuya ba ne, toh yana da tashar duba yanayi bai sani ba. Abinda ya rage masa littafi ne da biro da gwangwani da naci, kuma a cikin huɗun nan nacin ne mai wuyar samu. Dalilin da yasa nace sai an rubuta shine kai ba ya riƙe yanayi da gaskiya, ka tambayi mutum uku a gida ɗaya yaushe aka yi ruwan farko bara zaka ji amsa uku, kowa kuma a shirye yake ya rantse. Ita kuma wayar da muke dubawa hasashen yanki guda take baka, bata san an zuba ruwa a bayan katangarka an tsallake gonar maƙwabcinka ba.

Wuri ɗaya, lokaci ɗaya

Wannan shine mataki na farko kuma in ka ɓata shi sauran duk aikin banza ne. Ka zagaya bayan gidan ka zaɓi inda sama ta fi buɗewa, inda in ka tsaya zaka ga gabas da yamma ba tare da rufin ɗaki ya tare ka ba, ka kafa turke ko ka ajiye dutse a wurin, daga yau nan ne wurin tsayuwarka. Sai lokaci. Safiya ta fi, misali ƙarfe 7, dan rana bata riga ta shanye abinda ya sauka da dare ba. Amma ko 8 ne ko 9 ba komai in dai kullum shi ne, ma'aunin da aka duba yau da 6 gobe da 11 jibi da la'asar ba abinda zai gaya maka.

Littafin kuma mai kauri, ka ja layuka: kwanan wata, ruwa, zafi, iska, sama, sai fili mai faɗi a ƙarshe na abinda ido ya gani. Kwanan watan ka sa na lissafin rana, Janairu zuwa Disamba, ko da kana son ƙara na wata a gefe. Dalili kuwa shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kusan kwana 11, dan haka watanninta zagaya yanayi suke, watan da ya faɗo a tsakiyar damina bana nan da wasu shekaru a rani zaka same shi, kaga ba zai yi maka amfani wajen kwatanta shekara da shekara ba.

Ma'aunin ruwan sama, nan zamu ɗan daɗe

Ka samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, faɗin bakinsa daidai da faɗin gindinsa, gindin kuma a shafe. Bokiti ba zai yi ba saboda bakinsa ya fi gindinsa faɗi, yana tara ruwan da yafi na gaskiya sai ka ga an yi ɗan ruwa kaɗan shi kuma ya nuna maka ambaliya. Ka ɗaure gwangwanin a jikin turke yadda bakinsa zai ɗan fi kan turken tsawo, kar ya karkace, kuma ya tashi daga ƙasa aƙalla santimita 30 dan kar ruwan da ya daki ƙasa ya fantsamo ciki. In akwai awaki ko yara masu ƙiriniya ka kai shi mita ɗaya ka huta.

Nisa daga bishiya da gini fa, nan mutane suka fi yin sakaci. Ƙa'idar masu aikin ita ce ma'aunin ya nisanci kowane abu da aƙalla ninki biyu na tsayin abin, ninki huɗu ya fi in filin ya yarda. Wato bishiya mai tsayin mita 5 ka bata mita 10. In bayan gidan naka bai kai haka ba kar ka fasa, ka sa shi inda yafi sarari sai ka rubuta a shafin farko cewa akwai bishiya kaza ta gabas, shikenan.

Awon kansa: ka tsoma rula busasshiya har gindi a miƙe, ka ciro, ka karanta inda ta jiƙe da milimita. Ka lura yawancin rula tana da ɗan fili kafin sifili, ko ka yanke shi ko ka riƙa ƙara shi a lissafi. Milimita 1 na ruwan sama yana nufin lita 1 ta sauka a kan kowace murabba'in mita, kenan in ka auna 20, rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5 ya karɓi lita 1,000 a daren nan, ga mai tarar ruwa wannan lissafin kaɗai ya biya wahalar.

Matsalar rula ita ce yayyafi, milimita ɗaya ko biyu da ƙyar zaka gani. Maganinsa sirinji ne mara allura. Ka auna faɗin bakin gwangwanin, in santimita 10 ne toh kusan kowane mililita 8 da ka zuƙo milimita 1 ne, in kayi sa'a bakin ya kai santimita 11.3 lissafin ya zo da sauƙi, mililita 10 milimita 1. In girmansa daban ne ka raba faɗin biyu, ka ninka abinda ya fito da kansa, ka ninka da 3.14, ka raba da 10, abinda ya fito shine mililitar da ke daidai da milimita ɗaya a gwangwaninka. Sau ɗaya zaka yi wannan lissafin ka rubuta a bangon littafi.

Bayan ka auna ka zubar, kullum, dan gobe ta fara daga sifili kuma kar ka buɗe wa sauro gidan haihuwa. Sannan ga abinda nake so ka riƙe da kyau: ranar da ba a yi ruwa ba ka rubuta 0, ranar da baka duba ba ka ja ɗan layi. Ba ɗaya bane wallahi. Bayan shekara biyu in ka ga fili ba komai ba zaka san fari aka yi ko tafiya kayi ba. In an yi yayyafin da bai kai a auna ba ka rubuta ɗigo, in kuma kayi kwana uku baka nan ka dawo ka tarar da ruwa ka rubuta jimillar ka sa a gefe cewa na kwana uku ne.

Kar ka raina gwangwani. A Amurka bayan ambaliyar da ta afka wa garin Fort Collins na jihar Kolorado a 1997, an lura ruwan da ya sauka a wani ɓangaren garin ya ninka na wani ɓangaren sau da yawa kuma ma'aunan hukuma basu kama bambancin ba, sai a 1998 aka kafa CoCoRaHS, ƙungiyar 'yan sa kai da kowa ke auna ruwan bayan gidansa da safe yana turawa, yanzu dubban mutane ne a ciki.

Zafi da sanyi

Ma'aunin zafi na bango ya isa, in ka samu irin mai riƙe mafi zafi da mafi sanyi na yini ya fi. Abu ɗaya dai, kar rana ta taɓa shi. Ma'aunin da ke cikin rana zafin jikinsa yake nunawa ba na iska ba, shi yasa zaka ga wani ya ɗora hoto wai a gidansu an kai digiri 55, alhali akan kwanon rufi ya ajiye abin. A rataye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa, nesa da murhu da bangon da rana ke gasawa. Farin akwatin nan mai tsage-tsage da ake gani a tashoshin yanayi aikinsa kenan, wani injiniya ɗan Sikotlan Thomas Stevenson ne ya tsara shi a 1864, kai ma zaka iya kwaikwaya da ɗan akwatin katako ka huhhuda shi ka shafa farin fenti. Mafi sanyin lokaci wajen fitowar rana ne, mafi zafi kuma ba tsakar rana bane sai wajen ƙarfe 2 zuwa 4, dan haka in da hali ka duba sau biyu.

Ka shafa ciyawa da hannu ka rubuta ko akwai raɓa. Raɓa tana son daren da sama ta washe iska ta kwanta kuma akwai laima, ranar da ta daina sauka bayan damina alama ce iska ta bushe.

Iska da sama

Ka ɗaura ƙyalle mara nauyi a kan doguwar gora. Ana kiran iska da inda ta fito ne ba inda ta nufa ba, in ƙyallen ya miƙe yamma toh iskar gabas ce. Ƙarfinta kuma ba sai da na'ura ba, akwai ma'aunin da Francis Beaufort na sojan ruwan Ingila ya tsara a 1805 daga 0 zuwa 12, da ido ake yinsa. Hayaƙi ya miƙe sama sak 0, kana jin iska a fuska ganye na motsi 2, ganye da ƙananan rassa basa tsayawa 3, ƙura da takardu sun fara tashi 4, ƙananan bishiyoyi na layi 5, manyan rassa na kaɗawa 6. Daga nan sama kam ka shiga ɗaki ka rubuta daga baya.

Ni a ganina layin iska yafi kowane layi faɗin gaskiya game da juyin yanayi, kuma shi aka fi rainawa. A yammacin Afirka misali watannin rani iskar arewa maso gabas ce busasshiya, mai ɗauko ƙura daga hamada, da yawanta ma daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, sai a bazara ka wayi gari ƙyallenka ya juya, iska ta koma fitowa daga kudu maso yamma da laimar teku, zufa ta fara, makonni kafin ɗigon farko. Ranar da ƙyallen ya juya ya zauna a juye ka ja mata layi biyu. Abin mamakin kuma duk da laimar daga kudu take zuwa, manyan hadarurruka a yankin galibi ta gabas suke tasowa. A wasu sassan duniya tsarin daban ne, naka zaka gano da kanka cikin shekara guda.

Gajimare kuma ka raba sama gida 8 a zuciyarka ka rubuta gida nawa ya rufe, 0 sama tas, 8 a rufe ruf, haka ma'aikatan yanayi ke yi. Sunayen gajimare na boko tun tsarin da Luke Howard ya fitar a 1803 suke, yanzu manyan iri 10 ne, amma ba sai ka haddace ba, ka siffanta da bakinka. Akwai siraran nan zare-zare can ƙololuwa, waɗannan ƙanƙara ce zalla, su ne ma ke sa ka ga zobe kewaye da wata. Akwai shimfiɗaɗɗe toka-toka mai yayyafi. Akwai tsibi-tsibi fari mai shafaffen gindi, shi zaka sa wa ido, in ya tsaya gajere har la'asar ba labari, in kuwa tun hantsi yake hawa sama yana kumbura har kansa ya baje kamar maƙera toh a kwashe shanya. Lokacin hazo kuma ka zaɓi abubuwa uku, na kusa da na tsakiya da na nesa, misali bishiya da dogon ƙarfen sabis da tsauni, ka rubuta wanne ka iya hangowa.

Walƙiya: daga ganin haske ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa, kowane daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ne. Amma dan Allah daga cikin ɗaki za a yi wannan ƙirgar, in dai kana jin tsawa toh tana iya kaiwa gare ka, ba a fakewa gindin bishiya, kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a fita duba gwangwani, ruwan ba inda zai je.

Sandar inuwa

Wannan sau ɗaya a mako ya isa, yara ma suna sonsa. Ka kafa sanda mai tsayin mita 1 a miƙe a shafaffen wuri, wajen tsakar rana ka riƙa sa tsakuwa a bakin inuwar duk bayan minti goma, inuwar da ta fi gajarta ita ce tsakar rana ta gaskiya kuma tana kwance ne akan layin kudu da arewa. Ka auna tsawonta. Saboda duniya a karkace take da kusan digiri 23 da rabi zaka ga inuwar tana ƙaruwa tana raguwa, iyakarta wajen 21 ga Yuni da 21 ga Disamba. Wanda ke yankin tsakiyar duniya zai ga abinda na Turai ba zai taɓa gani ba, sau biyu a shekara inuwar na ɓacewa ƙarƙashin sandar, misali a wurin da ke digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu wajajen 22 ga Afrilu da 21 ga Agusta, tsakaninsu kuma inuwar kudu take kwanciya. Ka kuma lura da inda rana ke ɓullowa daga wurin tsayuwarka, ta bayan wace bishiya, gabas sak sai wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba. Inuwa ake kallo, kar a ƙura wa rana ido.

Masu rai, wato filin ƙarshen nan mai faɗi

Kuskuren sabon shiga shine yace zai rubuta duk abinda ya gani, sati biyu ya gaji ya watsar. Ka zaɓi bishiya uku zuwa biyar, tsuntsu uku, ƙwari biyu ko uku, su kaɗai zaka bi shekara da shekaru. Bishiyar kuma ita dai wannan ɗin, ka ɗaura mata zare ka bata lamba, dan bishiya biyu iri ɗaya ma wadda ke kusa da rijiya zata riga ta kan tudu toho. Abinda zaka rubuta: ranar toho na farko, furen farko, lokacin da furen ya cika, 'ya'ya sun nuna, ganye ya fara zuba, ta kaɗe ƙarƙaf. In kana da gawo da kuka ka haɗa su a littafi ɗaya ka sha kallo, kuka na zubar da ganye da rani ta yi toho gab da damina, shi kuwa gawo sai ruwa ya sauka yake kaɗewa ya yi kore shar lokacin da kowa ya bushe.

Tsuntsaye kuma zuwa da tafiya ake rubutawa. Shamuwa misali tana zuwa yankin Sahel ta yi sheƙa da damina, in ruwa ya ɗauke ta gangara gabashi da kudancin Afirka. Ranar gani na farko tana da sauƙi, ranar gani na ƙarshe ce mai wuya dan ba wanda ke lura da abinda babu, dabarar ita ce duk ranar da ka ganta ka ɗan sa alama, alamar ƙarshe ita ce amsar. Haka daren da kwaɗi suka fara kuka, daren da gara mai fiffike ta cika fitila, ranar da masu saƙa sheƙa suka fara aiki a reshe, ranar da ƙudan zuma suka rufe wata bishiya. Wanda ke ƙasashen sanyi shi kuma ranar dusar ƙanƙara ta farko da ta ƙarshe zai sa a nan. In zaka fita da dare ka riƙe tocila ka sa takalmi rufaffe, farkon ruwa lokacin fitowar kunama da maciji ne, kuma kallo ake yi ba a taɓa sheƙa ko ƙwai.

Abinda baka san sunansa ba kar ka ƙirƙira masa, ka rubuta girmansa da launinsa da abinda yake yi, ka ɗauki hoto, ka tambayi dattawa, in akwai data manhajoji irin iNaturalist da Merlin suna taimakawa amma su ma suna kuskure. Alamomin da dattawa ke faɗa kuma, irin su tururuwa na kwashe ƙwai ruwa na tafe, kar ka ƙaryata kar ka gaskata, ka rubuta ranar da ka gani har da ranakun da aka gani ruwan bai zo ba, dan waɗannan ne kowa ke mantawa.

Irin wannan rubutun yana daɗewa fiye da mai shi. Wani mai gonaki a Norfolk ta Ingila, Robert Marsham, ya fara rubuta ranakun toho da zuwan tsuntsaye a 1736, zuri'arsa suka ci gaba har 1958. A Kyoto ta Japan kuma akwai tarihin ranar da furen wata bishiya da ake kira ceri ke cika tun wajen shekara ta 812, da shi aka gane cewa na 2021 da ya cika ranar 26 ga Maris ya riga duk na ƙarnukan da suka gabace shi.

Ƙarshen wata

Ka zauna ka tara jimillar ruwan watan, kwana nawa aka yi ruwa, tazara mafi tsawo da ba a yi ba, rana mafi zafi da dare mafi sanyi, da iskar da ta fi yawa. Tazarar nan ga mai shuka tafi jimilla muhimmanci. Akwai ƙa'idar da masu binciken noma a yankunan da ruwa ke da ƙaranci ke amfani da ita, damina bata zauna ba sai an samu milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma ba a yi sama da kwana 7 ba ruwa a cikin kwana 30 da suka biyo baya ba. Ka gwada ta a littafinka zaka ga sau nawa ruwan farko ke yaudara.

Shekarar farko ba abinda zaka kwatanta da ita, tarawa kawai kake. Ta biyu ce zaka fara buɗe shafin bara kana cewa ashe, amma kar shekara biyu ko uku su sa ka yanke hukuncin yanayi ya canza, Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya da shekara 30 take auna abinda aka saba, na yanzu 1991 zuwa 2020. In zaka yi tafiya ka koya wa wani a gidan, ka nuna masa bambancin sifili da layi tun kafin ka tafi. In dole ta sa ka matsar da gwangwani ko ka canza ma'auni ka rubuta ranar. Sannan duk ƙarshen wata ka ɗauki hoton shafukan da waya ka tura wa wani amintacce, littafin kuma a leda a cikin akwatin ƙarfe, dan gara da yoyon rufi basu san darajar rubutun shekara biyar ba.